Amsa ga mai Scion FR-S: baƙin mai, man giya da man aksul

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a mota, ya kiyaye hanya. Ka ce ka sauko da Scion FR-S ta 2013 mai giyar hannu daga Amurka, bakanikenka ya ce a zuba mata 20W-50 saboda zafin ƙasarmu, sannan a sayo galan ɗaya na EP 140, man giya mai kauri, a raba wa giya da aksul. Kana tambaya ko ka bi shawararsa. A gaskiya kada ka bi. Ni irinta nake hawa, kuma ba na bari a yi mata juye sai ina tsaye a wurin, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Motar nan ita ce Toyota 86, ita ce kuma Subaru BRZ, suna ne kawai ya bambanta. Duk a masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan aka ƙera su, kuma injin FA20 ne a ciki, mai lita 2.0, irin kwantaccen injin nan na Subaru mai silinda biyu ta dama biyu ta hagu. Na kawo wannan ne don idan ka je kasuwa neman filta ka ce Scion, wasu 'yan kayan gyaran za su tsaya kallonka ne kawai. Ka ce musu BRZ ko 86.

Baƙin man da littafin motar ya ce a sa shi ne 0W-20, lita 5.4 idan har da canjin filta. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudu lokacin da inji yake a sanyaye, ta biyun kuma kaurinsa ne idan ya kai zafin digiri 100. Hujjar makanikanmu kullum ita ce rana, wai siririn mai ba zai jure Kano a watan Afrilu ba. Amma ai ba rana ce ke saita zafin inji ba, ruwan lagireto ne, kuma da zarar mota ta ɗumama zafin cikinta kusan ɗaya ne ko a Sakkwato take ko a Amurka. Zafinmu yana ƙara wa man wahala, ban musa ba, sai dai bai kai a yi tsalle daga 20 zuwa 50 ba. Injin nan hanyoyin mansa matsattsu ne, kuma da matsin mai yake sarrafa lokacin buɗewa da rufewar bawul. Idan ka zuba masa mai kauri, da safe sai man ya ɗauki lokaci kafin ya isa saman inji, kuma a 'yan daƙiƙun nan ƙarfe ke cin ƙarfe. 20W-50 na tsofaffin Fijo 504 da motocin haya ne da suka riga suka saki jiki, a can yana da amfaninsa.

Inda nake ɗan sassautawa shi ne 5W-30 na roba, wato wanda aka rubuta wa cikakken sintetik a jikin galan. Littafin da kansa ya ce mai da ya ɗan fi kauri zai iya dacewa idan ana gudu sosai ko ana wahalar da mota. Injin yana kai juyi 7,400 a minti, kuma wadda ta zo daga Amurka ba ta da na'urar sanyaya baƙin mai. To idan kai mai taka ta ne a hanyar Kaduna zuwa Abuja da tsakar rana, ko kana zuwa wurin masu wasan mota ranar Lahadi, 5W-30 ba laifi ba ne, ni ma shi nake sawa da bazara. Abin da ya wuce haka ban ba ka shawara ba.

Sai ka kula da mitar motarka, mil take ƙirgawa ba kilomita ba. Littafi ya ba da mil 7,500 tsakanin juye da juye, wato kusan kilomita 12,000, amma ya ce a rage idan ana bin hanya mai ƙura. Mu kuwa da hunturu ko a kan kwalta kake ƙura kake sha, ga cunkoso, ga fetur ɗin da ba kullum ake samun mai kyau ba. Ni ba na wuce kilomita 5,000. Kuma ka sayi mai a gidan mai ko wurin dila da ka yarda da shi, domin jabu ya yi yawa, har galan ɗin da aka sake cikawa aka liƙe murfi ana sayarwa. Filtar tana saman inji, kana buɗe bonet za ka gan ta, ba sai an shiga ƙarƙashi ba. Bayan an zuba mai a tayar da mota minti biyu, a kashe, a jira kamar minti biyar a kan shimfiɗaɗɗen wuri kafin a zaro sandar awo.

Tunda taka ta 2013 ce, ka sa lambar jikin motar a shafin intanet na Toyota ka ga ko an yi mata gyaran sifirin ɗin bawul da kamfanin ya kira wasu motocin shekarar su dawo a yi musu a 2018. Masu motoci da dama sun koka cewa bayan wannan gyaran gam ɗin da aka shafa ya yi yawa, ya ɓantare ya toshe ragar da ke zuƙo mai daga kasko. Idan an yi mata, kuɗin sauke kaskon a duba ragar ba asara ba ne.

Yanzu giya da aksul, inda shawarar bakaniken ta fi ba ni tsoro. Giyar hannun tana cin lita 2.2 na 75W-90, littafi ya ce mai ajin GL-3 (lambar GL ita ke nuna ajin man giya), wanda samunsa yanzu sai an sha wuya, shi ya sa ake sa GL-4 kamar Red Line MT-90. Aksul ɗin baya kuma lita 1.15 ne na 75W-85 GL-5, idan ba a samu ba 75W-90 GL-5 zai yi. Za ka ga lambobin kauri sun yi kama, ka ce ai abu ɗaya ne. Bambancin yana cikin sinadarin da aka zuba. Haƙoran aksul gogar juna suke yi da ƙarfi, don haka GL-5 cike yake da sinadarin farar wuta mai hana su cinye juna, shi ne wannan warin ruɓaɓɓen ƙwai da kake ji idan an buɗe. A cikin giya kuwa akwai zobban da aikinsu su kama, su daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga. Man da ya cika santsi yana hana su kamawa, wasu nau'ukan kuma suna cin tagulla a hankali. Motar nan da ma an san ta da taurin giya ta biyu da sanyin safiya. Ka zuba mata EP 140, da hannu biyu za ka riƙa sa giya kafin ta ɗumama. Akwai mayukan da aka rubuta musu GL-4 da GL-5 a tare, irin Motul Gear 300, wannan ne kaɗai zan yarda a raba wa wuraren biyu.

Aksul ɗinka Torsen ne, da haƙora yake riƙe tayoyin baya ba da faifan kuloci ba, saboda haka duk wanda ya ce ka sayi ƙaramar kwalbar ƙari ka zuba, kuɗinka yake so.

Ranar da za a yi aikin, ka tsaya a kan abu ɗaya: a fara kwance notin sama, na cikawa, kafin a taɓa na ƙasa. Na ga wata mota a wani gareji da yaron shago ya zubar da man aksul tas, sannan aka zo notin sama ya ƙi motsi, aka yi ta duka har ramin makullin ya cinye. Motar ta kwana a kan jak, ba mai a ciki, ba halin tafiya. A hau rami ko a ɗaga ta daidai ta ko'ina, domin ma'aunin cika shi ne man ya fara tsiyayowa daga bakin ramin sama, idan mota ta karkata awon ya ɓaci. Da ɗan famfon hannu da tiyo ake tura man, mazurari ba ya shiga wurin. Notin ƙasa na aksul yana da maganaɗisu, ka karɓa ka duba da idonka. Idan baƙin laushi ne kamar kwalli, ka murza a yatsa ba ka ji komai ba, lafiya lau, a goge a mayar. Idan ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da kake iya ɗauka da farce, akwai magana, a buɗe a duba kafin ya fara kuka a hanya. A sa sababbin wosha, kuma kada a bari yaro ya hau kan sifana da ƙafa.

Tunda ba ka san abin da mai ita na farko ya yi ba, ka canza duka ukun yanzu, ka rubuta mil ɗin a takarda ka ajiye a aljihun gaban mota. Giya da aksul ni kowane kilomita 40,000 nake sake su, idan kuma mota ta ratsa ruwa mai zurfi da damina a duba na aksul nan take, in ya koma kalar madara ruwa ya shiga. Ga masu otomatik da ke karantawa, naku daban ne gaba ɗaya: Toyota ATF WS kaɗai, ba ta da sandar awo, kuma a wani ƙayyadadden zafi ake duba cikarsa, don haka ku kai wa mai na'urar kwamfuta.