Amsar wasiƙun manoma: tururuwa da maganin feshi

Wani daga wajen Illela ya rubuto, wai tururuwa na kwashe mashi irin hatsi, ya feshe gona duka har iyaka, ya ƙara ne? Malam kar ka ƙara, ka ji tausayin aljihunka. Iri ake gaurayawa da magani kafin shuka, ba gona ake yi wa wanka ba, bara ma na faɗa. Kuma binnen da ka yi tun ruwa bai sauka ba ai kai ka kai masu abinci har ƙofa.

Sai mai garka da ya ce tun da aka share dajin da ke tsakaninsa da maƙwabci gidajen cinnaku da kwarkwasa sun ragu, tsutsa ta yi yawa, mi ya haɗa su? To Alhaji zauna. Gida guda mai dubban ƴaƴa galibi uwa ɗaya ce ta haife su. Idan ruwan fari ya sauka masu fiffike su tashi su yi barbara da na wasu gidaje, abin da macen ta samu wajen namiji lokacin nan shi za ta riƙa amfani da shi har ta mutu. In ka yanke daji ya koma tsibiri tsibiri, ƴan uwa ne za su yi ta haɗuwa, kamar garken da ka bar wa bunsuru ɗaya shekara da shekaru, ka san yadda ƴaƴan ke fitowa. Su kuma nasu ya fi muni, ƙwan da ya kamata ya zama ma'aikaciya sai ya fito namiji marar haihuwa, ci kawai ba aiki. An ga haka ga jar tururuwar nan mai cizo da jirgin ruwa ya kai Amurka wajen 1930, don iyaye kaɗan suka tsallaka. Kwarkwasa kuwa uwarta ko fiffike ba ta da shi, da ƙafa suke ƙaura, fili tsirara mai rana kamar katanga yake a wajensu. Su ne fa masu cinye maka tsutsa kyauta. Ka bar sabara da kalgo su tofo a kan iyaka su haɗe da na maƙwabci, sassaben zamani da mutanen Maradi ke yi tun wajen 1984, ko dala ba ya ci.

Mai tambaya kan gara cikin ramin tassa, wato ƙaramin ramin da ake haƙa a gona a zuba taki don ya tara ruwa: bar ta, ita ke huda ƙasa ruwa ya shiga.