Amsa ga Yaya a kan ƙwallon mai sunan Baba

Yaya, bayan gaisuwa, na saurari saƙon da ka bar mini a waya. Ka ce ka ga hoton mai sunan Baba da gajeren wando da singileti a filin ƙwallo, kana tambaya ko mun sake shi ne ya bi 'yan gari. Maganar ta tsaya mini a rai.

A gida, yaron da ya yini a fili ana yi masa kallon wanda ya guje wa allo da boko. A nan Amurka kuwa ƙwallon kwando a cikin makaranta take. Sakandare na da ƙungiyarta, jami'a na da tata, kuma ranar da makin yaro ya faɗi, kocin da kansa zai ajiye shi a benci. Wanda ya yi fice, jami'a kan ɗauke masa kuɗin karatu da masauki da abinci. Da ka san yadda mutane ke shekara da shekaru suna biyan bashin karatu a ƙasar nan, da ka gane abin da ya sa nake kai shi atisaye bayan asuba.

Mu mutanen Houston gani muka yi da idonmu, domin muna da Hakeem Olajuwon. Bayerabe ne, haifaffen Legas a 1963, gola yake tsarewa yana yaro, bai fara ƙwallon kwando ba sai yana ɗan shekara 15. Ya shigo Jami'ar Houston hannun koci Guy Lewis, da farko benci ya fi ɗumamawa, sai ya riƙa gogawa da ƙwararren ɗan wasa Moses Malone lokacin hutu har ya kankama. A 1983 da 1984 suka kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'i, duka biyun aka doke su. Duk da haka, a zaɓen 'yan wasa na 1984 da ƙungiyoyin NBA, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon kwando ta Amurka, suka yi, shi aka fara ɗauka, Houston Rockets ta ɗauke shi, Michael Jordan ya zo na uku. Sai da ya yi shekara goma kafin ya ɗaga kofin NBA a 1994, ya maimaita a 1995.

Dattawanmu ba don kofi suke ganin girmansa ba. Da azumi a bakinsa yake shiga fili idan wasa ya faɗo da rana. Watan Fabrairun 1995 ya zo daidai da Ramadan, kuma a watan ne aka zaɓe shi gwarzon wata. Tsohon ginin banki da ke tsakiyar birni ya saya ya mayar masallaci, ni kaina na sha yin Juma'a a can. Ya karɓi takardar zama ɗan Amurka a 1993, ya buga mata a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, amma Yarabawan da muke zaune da su har gobe "namu" suke ce masa.

To mu fa? Zuwanmu gida na ƙarshe, yaron nan ya durƙusa har ƙasa ya gai da mutane a gidan biki, harshensa ya ɗan karkace, aka kwashe da dariya ana ce masa Bature. Bai sake buɗe baki ba sai da muka koma masauki. Shi ne kuma aka fara tambayata ko Ba'amurkiya zan bar shi ya aura. Yaya, Hausawan garin nan ba mu taka kara mun karya ba wajen yawa. Idan ya kawo Musulma mai tarbiyya, baƙar fatar nan ce ko Basomaliya, da wane baki zan hana?

Ba na mafarkin NBA, 'yan wasa 60 kacal ake zaɓa a shekara. Digiri nake nema masa. Amma idan na gan shi ya yi tsalle ya doke ƙwallo daga bakin kwando, Baba nake tunawa, yadda yake riƙe hannunmu zuwa kallon dambe bayan girbi, yana ihu har muryarsa ta dishe. Tsawon ma nasa ya ɗauko.

Ka kira shi ranar Lahadi, ka yi masa Hausa zalla, in ya yi kuskure ka gyara masa a hankali. In an samu mai tahowa, a aiko mana da kuka da yaji. A gai da Hajiya da yara.