Amsa ga ƙanwar da ta ci 228 a JAMB amma gurbi bai fito ba

Ƙanwata, na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce bara kin ci 228, kin nemi karatun jinya a jami'ar tarayya, kin yi ta jira har aka rufe ɗaukar ɗalibai ba ki ga komai ba, yanzu kina neman a faɗa miki littattafai da manhajojin da za ki riƙe don ki sake zama. Wannan ɗacin na san shi, da yawanmu a wannan dandali mun sha shi. Ba abin da ya kai ciwon buɗe CAPS, shafin JAMB da ake duba ko an samu gurbi, da tsakar dare, hannu na rawa, data na ƙarewa, allo ya daɗe yana juyawa, can ya nuna miki "Not Admitted". Ki rufe, ki sake buɗewa ko ya canza. Gari ya waye wata ƙawa da ba ta kai ki maki ba tana ta ɗora hoton takardar admishan, a gida kuma kowa ya gan ki sai ya ce "ya ake ciki?" Wanda bai taɓa ba ba zai gane ba. Allah Ya sa jinkirin alheri ne.

Amma kafin ki kashe ko sisi a kan littafi, ki fara gano abin da ya kayar da ke, domin sau da yawa ba maki ba ne. Ki shiga shafin JAMB da imel da kalmar sirrinki, ki buɗe CAPS. Idan da waya kike, ki mayar da burauzar yadda take nunawa a kwamfuta, in ba haka ba rabin shafin ba zai fito ba. Ki duba wurin sakamakon sakandare. Idan kika ga A/R a gaban darussanki, to a wajen JAMB har yau ke mai jiran sakamako ce, ba a ɗora WAEC ko NECO ɗinki ba. Wanda ba a ɗora nasa ba kuwa, ko 300 ya ci jami'a ba ta da hanyar tura sunansa. Kai wa makaranta takardar lokacin tantancewa daban, ɗorawa a CAPS daban, kuma a cibiyar CBT (inda ake jarrabawa da kwamfuta) mai izini ko ofishin JAMB na jiha ake yi. Ki kuma leƙa wurin sauya kwas, wani lokaci jami'a na tayin mayar da mutum wani fanni, tayin ya zauna yana jiran a amsa, mai shi bai ma san da shi ba.

Nan ne nake jin haushin wasu masu kafe, shagunan intanet ɗin nan, wallahi. Yarinya za ta je da kuɗin da uwarta ta tara da adashi, mutum ya karɓa ya ce ta je ta dawo. Sai ya tura NIN ɗinta da layinsa ko na yaron shagonsa, ya buɗe mata imel da bai gaya mata kalmar sirrinsa ba, ya zaɓa mata makaranta ta biyu da ta uku yadda ya ga dama, ya haɗa darussa ba tare da ya duba ƙa'idar kwas ɗin ba. Duk saƙon da JAMB za ta aiko, wayarsa yake shiga. Ranar da matsala ta taso ki koma, ya ce shi bai gane ki ba, ko ya ce sai kin ƙara kuɗi ya nemo miki kalmar sirri, ko ki tarar shagon ya koma na sayar da caja. Wasu har danna amincewa suke yi a madadin ɗalibi a makarantar da bai taɓa nema ba, kuma da zarar an amsa gurbi ɗaya sauran ƙofofin sun rufe na wannan shekara. Ya cinye miki shekara guda saboda 'yan canjin da ba su taka kara sun karya ba, kuma zai kwana lafiya. Alhali ma kafe ba shi da izinin yin rajistar JAMB, ɗauka yake ya kai cibiya ko ya yi ta bayan gida. Allah Ya isa kawai.

Saboda haka bana ki yi komai da hannunki. Layin waya naki na kanki, wanda ba wanda ya taɓa rajistar JAMB da shi sai ke. Idan na bara naki ne, shi za ki ci gaba da amfani da shi. Idan ya ɓata ki je kamfanin layin su dawo miki da lambar, kada ki sayi sabo. Ki rubuta NIN, ki bar tazara ɗaya, ki sa lambobin nan 11, ki tura zuwa 55019 ko 66019, da kuɗin kira na gaske a layin, ba bonas ba. Abin da zai dawo, lambar da za ki yi rajista da ita ce tare da sunanki kamar yadda yake a NIMC, hukumar katin ɗan ƙasa. Ki tsaya ki karanta shi harafi-harafi, ki gwada da na takardar WAEC. Aisha a nan, Aishatu a can. Muhammad a nan, Mohammed a can. Sunan uba ya koma gaba. Ranar haihuwa ta bambanta da shekara ɗaya. Ƙananan abubuwa ne amma su ne ke tsayar da mutum ranar tantancewa, su sake tsayar da shi lokacin bautar ƙasa. In akwai gyara, a NIMC ake fara yi, kuma yana ɗaukar lokaci, don haka yanzu ne lokacinsa, ba sati biyu kafin a rufe rajista ba.

Wani abu da ya shafe mu musamman: lalle. Ana ɗaukar zanen yatsu goma lokacin rajista, ana kuma sake gwadawa a ƙofar shiga ranar jarrabawa. JAMB da kanta ta sha gargaɗi a kan ƙunshi a yatsu, domin na'urar kan kasa karantawa. Ko bikin wa ake yi, ki bar kan yatsunki fari tun makonni kafin rajista har ki fito daga jarrabawa. A ji haushinki a gidan biki, ba komai.

To, karatun kansa. Littafi na farko ba na saye ba ne, silabus ne, yana nan kyauta a sashen IBASS na shafin JAMB, tare da ƙasidar da ke nuna darussan da kowane kwas yake buƙata a kowace makaranta. Jinya dai Turanci ne da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Ki buga silabus ɗin a takarda, ki riƙa soke duk batun da kika gama. Don Kemistiri, littafin Ababio ya ishe ki. Sauran ma littafin sakandare ɗaya mai kyau a kowane darasi ya wadatar, tara littafi biyar ba ya ƙara maki. Sai tambayoyin shekarun baya, amma ki nemi irin waɗanda aka jera bisa batu, ba bisa shekara ba: ki karanta batu, nan take ki amsa tambayoyinsa 30 ko 40. Kuma kada ki yarda da amsoshin bayan littafin ido rufe, waɗanda ake sayarwa a kasuwa suna da kurakurai. Duk inda amsa ta yi miki wani iri, ki koma littafin karatu ki tabbatar.

Turanci ne mutanenmu ke rainawa, shi ne kuma ke jan maki ƙasa. Tambaya 60 ne, sauran darussa uku 40-40, jimilla 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Cikin 60 ɗin nan, 10 daga littafin labarin da ake ba ki lokacin rajista suke fitowa. Maki ne na kyauta, ki karanta shi da kanki sau biyu, kada ki dogara da taƙaitawar da ake yawo da ita a WhatsApp. Wasu 10 kuma na furuci ne: wasula, baƙaƙe, kalmomi masu amo ɗaya, da gaɓar da ake dannawa a kalma. Wannan ba a koyonsa da ido. Ki sauke ƙamus mai sauti a waya, kullum kalma 15, ki saurara ki maimaita da ƙarfi, musamman bambancin p da f da harshenmu ke haɗewa, da haruffan da ake rubutawa ba a furtawa.

A Fiziks da Kemistiri, yawancin faɗuwa ba rashin sanin dabara ba ne, mantuwar juya ma'auni ce. An ba ki gudu a kilomita cikin awa, sai kin raba da 3.6 kafin ya zama mita cikin daƙiƙa. An ba ki zafi a ma'aunin Celsius a tambayar iskar gas, sai kin ƙara 273. Sau da yawa santimita ba ta shiga lissafi sai ta koma mita. Masu tsara tambayar sun san da wannan, amsar da za ki samu idan kin manta tana nan zaune cikin zaɓin tana jiranki, ki gan ta ki yi murna. Ki sami littafin rubutu guda na kurakurai kawai: tambayar da kika faɗi, dalilin faɗuwar, amsar daidai. Duk Juma'a ki bi shi daga farko. Bayan wata guda za ki ga kuskure uku ko huɗu ne kike ta maimaitawa da kaya daban-daban.

Tsarin lokaci kuwa, darasi biyu a rana, awa ɗaya da rabi kowanne, mai lissafi bayan Asuba kafin hayaniyar gida ta tashi, na hadda da yamma. Wannan ya fi kwana ana karatu sau ɗaya a mako. Saura wata biyu, ki fara zama cikakkiyar jarrabawa da agogo duk Asabar. Manhajar waya tana taimakawa, kowace ce in dai tana aiki ba intanet kuma tana ƙirga lokaci, amma ba ta maye gurbin kwamfuta. Ki biya ki zauna a cibiya ko sau uku ne, ki kuma yi jarrabawar gwaji ta JAMB idan da hali. Ki saba da madannai: A, B, C, D na amsa, N ki ci gaba, P ki koma baya, S na miƙawa, shi kam kada yatsanki ya kusance shi sai kin gama. Ni shawarata ki fara da Bayoloji minti 20, Turanci 40, Kemistiri 25, Fiziks 30, biyar ɗin da suka rage ki cike duk gurbin da kika bari, tunda ba a rage maki don an amsa ba daidai ba. Tambayar da ta ci miki minti ɗaya ba ki ga hanya ba, ki wuce ta.

Sai maganar da ba a so a ji. 228 maki ne mai kyau. A sakamakon da aka fara fitarwa na 2025, sama da mutum miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai 200 ba. Amma jinya da likitanci da haɗa magunguna da lauya layinsu daban, gurbi kaɗan ne, masu nema dubbai. Makin 150 da aka yanke wa jami'o'i a 2025 ƙofar gida ce kawai, ba ɗaki ba. Jami'o'in tarayya kuma suna raba gurbi ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimi. Ke nan zaɓen makarantar da jiharki ke cikin kewayenta ba ƙaramin abu ba ne. Kowa ABU, kowa BUK, alhali ga Dutse, ga Dutsin-Ma, ga Gusau, ga Birnin Kabi, ga jami'o'in jihohi. Ki duba ƙasidar ki ga waɗanda ke da kwas ɗinki, ki kuma sa kwalejin jinya cikin zaɓinki, ita ma ta JAMB ake shiga yanzu. Akwai kuma IJMB, karatun share fagen shiga jami'a da ABU ke kula da ita, mai kai mutum aji biyu kai tsaye, sai dai ki tabbatar da cibiyar kafin ki biya, 'yan damfara sun cika harkar.

Da na ambaci damfara: duk wanda ya ce zai ɗaga miki maki, ko yana da tambayoyin gobe, ko yana da mutum a ciki da zai ba ki gurbi ba ta CAPS ba, ɓarawo ne, ko da ɗan unguwarku ne. Gurbin da bai bi ta CAPS ba, sai kin gama shekara huɗu ko biyar sannan a ce sunanki ba ya cikin jerin JAMB, ba bautar ƙasa.

Kuma don Allah kada ki zauna a ɗaki wata takwas kina jiran jarrabawa, zaman nan shi ke cin mutum, shi ke ba masu surutu bakin magana. Awa uku ce ta karatu, sauran ranar taki ce. Ki shiga ɗinki, ko ki koyi kwamfuta, ko ki roƙi wani kemis na unguwa ki riƙa zama kina ganin yadda ake mu'amala da marasa lafiya, tunda can kika nufa. Maganar kuɗin makaranta in ta taso a gida, ki gaya musu akwai NELFUND, hukumar bayar da bashin karatu, tun 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, tana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, ba ruwa a ciki, biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Za su nemi NIN da BVN da lambar JAMB, shi ya sa nake ta nanata sunanki ya zama iri ɗaya ko'ina, har a banki.

Ki je ki duba CAPS ɗin yau, ki dawo ki faɗa mana abin da kika gani a wurin sakamakon sakandare. In za ki ɗora hoto, ki rufe lambar rajista da lambar wayarki tukuna, ba kowa ke nan don Allah ba.