Amsa ga Ɗan Ƙanena Kan Zaɓen Baki a Furushiya

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai, na ga tambayarka a kan dalilin da ya sa a da mutanen Furushiya, wadda ita ce babbar jihar ƙasar Jamus a wancan zamani, suke furta sunan wanda suka zaɓa a gaban jami'i, alhali a zaɓen majalisar tarayya ƙuri'ar sirri suke jefawa. Ka tambaya ko al'adarsu ce ta kaka da kakanni.

Ba gado ba ne, doka ce da sarauta ta kafa a 1849, bayan an murƙushe boren 1848. An kasa masu zaɓe gida uku gwargwadon harajin da suke biya, kowane gida yana fitar da kashi ɗaya bisa uku na wakilan da za su zaɓi 'yan majalisa, ta yadda attajirai 'yan ƙalilan suke da nauyi daidai da na talakawan da suka haura kashi 80 cikin 100. Masu kare tsarin suna cewa namiji ba ya ɓoye ra'ayinsa, amma ka dubi manomin da yake zaune a gonar mai gida, an kira sunansa, ga wakilin mai gonar a zaune yana saurare, shi kuwa ya san gidansa da abincin iyalinsa suna hannun mutumin nan. Wannan ba jarumta ake nema gare shi ba, biyayya ake karɓa, kuma abin yana ɓata mini rai ƙwarai.

Ko ƙuri'ar sirrin da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ya amince wa duk namijin da ya kai shekara 25 a daular Jamus da aka kafa a 1871 ba ta tsira ba, domin jam'iyyu ne suke buga takardunsu, mai masana'anta kuma yana iya gane takardar da ma'aikacinsa ya riƙo daga girmanta ko launinta. Sai a 1903 aka kawo ambulan da wurin keɓewa. Bugu da ƙari, shugaban gwamnati ga sarki yake ba da bahasi, ba ga majalisa ba. Bismarck ya sa majalisar ta zartar da dokar haramta ƙungiyoyin 'yan gurguzu a 1878, sannan ya biyo da inshorar lafiya a 1883 domin ya janye ma'aikata daga gare su.

Ingila ta koma ƙuri'ar sirri tun 1872, amma Furushiya ta riƙe zaɓen bakinta har faɗuwar sarauta a 1918, kuma jam'iyyar ma'aikata ba ta sami ko kujera ɗaya a majalisar jihar ba sai a 1908.