Na Karanta Injiniyan Sinadarai: Ta Wace Ƙofa Zan Shiga Aikin Mai da Iskar Gas?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni matashi ne mai shekara 27, ina zaune a Gombe. Na yi digiri a fannin injiniyan sinadarai, na fita da darajar digiri ta 2:2, kuma shekara biyu ke nan da na gama bautar ƙasa. Tun ina makaranta burina shi ne aiki a harkar man fetur da iskar gas, amma duk fom ɗin manyan kamfanoni da na cike ban taɓa samun ko kiran jarrabawa ba. Yanzu wani ya ce in kawo naira dubu ɗari takwas zai samo mini gurbi a wani babban kamfani ta hannun wani na sama, abokina kuma ya ce gara in kashe kuɗin a kwas ɗin BOSIET, domin shi ne mabuɗin aikin teku. Mahaifina ya yarda zai sayar da shanunsa biyu. Wanne zan bi, kuma shin ɗan Arewa marar uwa a gindin murhu yana da rabo a wannan harka?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin komai, ka roƙi Baba ya bar shanunsa a turke tukuna, domin daga cikin hanyoyi biyun da aka nuna maka babu wadda ta cancanci a rabu da su saboda ita.

Batun sayen gurbi ba ya buƙatar dogon bayani. Kamfanin da ke ɗaukar ma'aikata da gaske yana sanar da gurabe a shafinsa na intanet ko a jarida, a cike fom kyauta, a zauna jarrabawar kwamfuta, a yi ganawar baki, a duba lafiya, sannan a tantance takardu, kuma waɗannan matakai ba a hannun mutum ɗaya suke ba. Ban ce babu sanayya a wannan ƙasa ba, akwai ta, amma wanda yake da ƙarfin cusa mutum a irin wannan wuri ba ya yawon neman dubu ɗari takwas a hannun ɗan makiyayi. Abin da yakan faru shi ne a miƙa maka takardar ɗaukar aiki ta jabu mai ɗauke da tambarin kamfani, a sake neman kuɗin asibiti da na kayan kariya, daga nan waya ta daina shiga. Ko da ma gurbin ya tabbata, rashawa ce, wadda addini da doka duk suka hana.

Abin da nake so ka fahimta sosai shi ne dalilin shirun da kake ji. Harkar mai tana cin kuɗi da injuna fiye da yadda take cin hannaye, har rijiyar da ke fitar da dubban ganguna a rana za ka tarar mutane ƙalilan ne ke kula da ita. Kamfanonin da kowa ya haddace sunansu, irin su NNPC da Shell da Chevron da TotalEnergies da kamfanin gas na NLNG da ke tsibirin Bonny, kaɗan suke ɗauka daga sababbin masu digiri, ba kuma kowace shekara ba, alhali masu nema dubbai ne. Saboda haka sukan kafa sharaɗin 2:1 da iyakar shekaru, kuma kwamfuta ce ke tace takardu kafin idon ɗan Adam ya gan su. Ina kyautata zaton a wannan rariya takardarka take tsayawa, tun kafin wani ya duba ko daga Gombe kake ko daga Bayelsa.

Amma idan ka shiga filin aiki ka dubi sunayen da ke rubuce a bayan rigunan ma'aikata, za ka ga mafi yawansu ba na kamfanin da ya mallaki rijiyar ba ne, na 'yan kwangila ne. Wani kamfani ne ke haƙa rijiyar, wani ke haɗa taɓon haƙa da sinadaransa, wani ke zuba siminti, wani ke auna abin da ke ƙarƙashin ƙasa, wani ke shimfiɗa bututu da waldarsa, wani ke duba ko ƙarfe ya ci tsatsa, wani ke kula da famfuna da injunan matse gas. Manyansu su ne SLB da Halliburton da Baker Hughes, a bayansu kuma akwai ɗaruruwan kamfanonin 'yan ƙasa da ke Trans-Amadi a Fatakwal, da tashar Onne, da Warri, da Eket, da Legas. Waɗannan ba su cika damuwa da darajar digiri ba kamar yadda suke damuwa da abin da za ka iya yi ranar da suka samu kwangila, kuma da yawa daga cikin waɗanda suke manyan kamfanoni a yau ta nan suka faro, suka shiga daga baya a matsayin ƙwararru, inda shekarun aiki suke rufe maganar 2:2.

Abubuwa biyu sun ƙara faɗaɗa wannan ƙaramar ƙofa. Na farko shi ne dokar bunƙasa hannun 'yan ƙasa a harkar mai ta 2010, wadda ta wajabta cewa ƙananan muƙamai da matsakaita 'yan Nijeriya kaɗai za a ɗauka, ta kuma kafa hukumar NCDMB mai hedikwata a Yenagoa. Hukumar tana da rumbun rajista na intanet da ake kira NOGIC JQS, inda mutum ke shigar da karatunsa da ƙwarewarsa kyauta, kuma daga nan ake zaƙulo matasa domin horon da ake haɗawa da manyan ayyuka. Idan ba ka yi wannan rajista ba, ka yi ta a makon nan. Na biyu shi ne sauyin hannu da aka samu kwanan nan: a 2024 Oando ya sayi kamfanin Agip mai aikin tudu, Seplat ya sayi kamfanin Mobil mai aiki a ruwa marar zurfi, sannan a 2025 rijiyoyin Shell na tudu suka koma hannun gamayyar Renaissance. Ma'anar wannan ita ce sunayen da ya kamata ka riƙa bibiya sun canza, kuma duk wanda har yanzu tsofaffin sunaye biyar kaɗai yake jira ya bar rabin kasuwa a bayansa.

Game da BOSIET, abokinka bai yi ƙarya ba, amma ya sa keke a gaban doki. Kwas ne na kusan kwana uku da ke koya wa mutum yadda zai tsira a teku: yadda zai fita daga jirgi mai saukar ungulu idan ya kife a ruwa, yadda zai kashe wuta, yadda zai hau kwalekwalen ceto. Ba a barin kowa ya hau dandamalin haƙar mai na teku ba tare da shi ba, sai dai ba sana'a yake koyarwa ba, izinin shiga wurin aiki ne kawai. Shekara huɗu yake yi ya mutu, kuma kamfanin kirki shi yake biya wa ma'aikacinsa idan ya tashi tura shi teku. Na ga matasa da dama da suka ci bashi suka yi shi, takardar ta ƙare a cikin jaka ba su taɓa ganin teku ba, kuma abin yana yi mini ciwo, domin rabin kuɗin ya isa su koyi abin da za a ɗauke su saboda shi.

To, me za a ɗauke ka saboda shi? Karatun da ka yi yana da daraja a nan fiye da yadda kake zato, domin injiniyan sinadarai shi ne mutumin matata da masana'antar sarrafa gas da ta takin zamani. Ka koma kan zanen bututu da na'urori da ake kira P&ID har ya zama kana karanta shi kamar wasiƙa, ka san aikin kowane bawul da famfo da tukunyar rarraba mai da ruwa da gas, ka kuma koyi manhajar Aspen HYSYS har ka iya kwaikwayon ƙaramar masana'anta da kanka ka nuna a wurin ganawa. Idan aikin hannu ya fi jan ranka, duba lafiyar walda da bututu ba tare da fasa su ba, wato NDT, sana'a ce da ake nema duk inda aka ja bututu, haka nan kula da na'urorin awo da sarrafawa. Fannin kiyaye lafiya da haɗurra ma yana nan, ana farawa da kwasa-kwasan cibiyar ISPON, daga baya a yi kwas ɗin NEBOSH na ƙasar Birtaniya, sai dai masu wannan takarda sun yi yawa, don haka ta fi amfani idan tana tafe da wata ƙwarewa. Ka zaɓi ɗaya ka nutsa a cikinta, kuma kafin ka biya kowace cibiya ka tabbatar hukumar da ke ba da takardar ta amince da ita. Cibiyar horon man fetur ta PTI da ke Effurun a jihar Delta tsohuwar makaranta ce ta gwamnati da ke gudanar da gajerun kwasa-kwasai, ka duba abin da take da shi.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi taɓa ni. Ɗan Arewa yana da rabo, amma rabon ba ya zuwa har ƙofar gida. Tun da aka samu mai a Oloibiri a 1956 cibiyar wannan aiki tana yankin Neja Delta da Legas, kuma matatar Dangote mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, wadda ta fara aiki a farkon 2024, tana Lekki ne tare da masana'antar takinta. Na san a Gombe ana sa rai da Kolmani, inda aka sanar da samun mai a 2019, Shugaba Buhari kuma ya ƙaddamar da aikin a Nuwamba 2022. Fata ne mai kyau, amma tsakanin gano mai da fara sayar da shi akwai shekaru masu yawa da kuɗi masu nauyi, kuma ranar da aikin ya kankama waɗanda suka riga suka goge a wani wuri za a fara kira, 'yan gari marasa sana'a kuwa gadi da leburanci za su samu. Idan kana son Kolmani ta amfane ka, ka je Fatakwal ka koyo aikin. Da yawa daga cikin matasanmu abin da ke kayar da su shi ne ƙin barin gida, ba ƙiyayyar kowa ba.

Abin da ya fi kusa da kai a Arewa shi ne gas. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar a 2020, an yi shi ne domin ya ciyar da tashoshin lantarki da masana'antu, kuma kowace tashar auna gas da rage ƙarfinsa tana buƙatar masu kula. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuma, ana buɗe wuraren mayar da motoci su yi amfani da gas na CNG da tashoshin cika shi, ga kuma ma'ajiyoyin gas ɗin girki da depo-depo na mai da masana'antun haɗa man juye. Kada ka raina aiki a irin waɗannan wurare. Shekara biyu kana kula da tankin gas mai matsi, kana cike takardar izinin aiki mai haɗari, kana mu'amala da masu duba na NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan tacewa da jigila da sayar da mai da gas, sun fi shekara biyu na zaman jira nauyi a takardar bayanin kanka nesa ba kusa ba.

Wajibi ne kuma in faɗa maka ɗacin wannan hanya. Aikin kwangila albashinsa na farko ƙanƙane ne, yakan ƙare ranar da kwangilar ta ƙare, kuma ƙungiyoyin ma'aikatan mai na NUPENG da PENGASSAN sun daɗe suna kokawa kan riƙe mutane shekaru a matsayin na wucin gadi. Harkar gaba ɗaya tana hawa da sauka da farashin ɗanyen mai: gangar da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016, aka sallami ma'aikata da yawa a duniya, haka aka sake yi a 2020. Shi ya sa nake fifita ƙwarewar da za ta yi maka amfani a masana'antar siminti ko ta sukari ko tashar lantarki idan mai ya yi sanyi. Duk takardar da za ka sa wa hannu ka karanta ta, ka san wane ne ainihin mai biyanka albashi, ka kuma tambayi batun fansho da inshorar lafiya.

Digiri na biyu yana iya gyara matsalar 2:2 a wasu wurare, kuma asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, wato PTDF, yana ba da tallafin karatu a gida da waje, sai dai sharuɗɗansa sun fi karkata ga masu 2:1 ko masu gogewar aiki, wanda ya sake mayar da mu kan fara aiki ko da ƙarami ne. A halin yanzu ka taƙaita takardar bayanin kanka zuwa shafi biyu, ka fito da abin da ka taɓa da hannunka a lokacin koyon aiki na makaranta da bautar ƙasa, ka buɗe shafi a LinkedIn, ka shiga ƙungiyar injiniyoyin mai ta SPE wadda take da reshe a Abuja kuma take taron shekara a Legas, ka nemi tsofaffin ɗaliban sashenku da ke aiki a Kudu ka tambaye su wane kamfani ne ya samu sabuwar kwangila. Idan ka zaɓi kwas ɗaya, ka lissafa kuɗinsa da na mota da na zaman wata uku a inda aikin yake, sannan ka koma wurin Baba da lissafin a rubuce; mai yiwuwa ka tarar saniya ɗaya ma ta yi yawa.