Jika goma, a hannun wa?

Ɗana Aminu, saƙonka ya iso. Na yi dariya da na kai inda ka ce mutanen gida a Katsina suna ƙus-ƙus wai Baffanka na Yamai ya zama mijin-ta-ce, tunda in zai aika wa surukansa kuɗi a ƙasar Adar ta jihar Tawa, sunan mace yake bayarwa. Ka kuma ce malaminku na tattalin arziki ya ambaci wani bincike da aka yi a jihar Tawa, wai kuɗin tallafi ya fi amfanar gida in ta waya aka tura wa mace, kana son jin ko haka abin yake. To, tambayoyin naka biyu amsarsu ɗaya ce.

Fara da lissafinmu, kada ka rikice. A nan dala ita ce sefa 5, jika kuwa sefa 1,000. In ka ji na ce jika goma, sefa 10,000 ke nan.

Ba ni kaɗai ke yin haka ba. Je ka layin masu tura kuɗi kusa da kasuwar Katako ko Wadata ƙarshen wata, ka kasa kunne: rabin Hausawan da ke tsaye sunan uwa ko na mata ko na ƙanwa suke faɗa wa mai rubutu. Dalili na farko a fili yake. A Adar, da an gama kaka an zuba hatsi a rumbu, maza sai su kama hanyar cin rani, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu nan Yamai. Ba a sake ganinsu sai an ji ƙamshin ruwan shuka. Duk tsawon rani da bazara mace ce ke auna tiya, ita ta san ranar da rumbu zai nuna ƙasansa.

Dalili na biyu ne ba a cika faɗa ba. Wata shekara na je gaisuwa ƙauyen Gwaggonka, na tarar ana rabon tallafi. Mata sun yi layi a gindin gawo tun hantsi, da goyo, wasu sun taso daga ƙauyukan gefe a ƙafa. Ana kiran suna da ƙarfi, a miƙa ambulan, kowa na kallo. Wata baiwar Allah da na sani ba ta kai ƙofar gida ba sai da mai tebur ya tare ta da littafin bashi, ƙanin mijinta ya biyo ta da maganar taki, wata maƙwabciya ta tuna mata bikin suna. Ba wanda ya yi mata ƙwace. Kowa da hujjarsa, ita kuma da kunyarta. Da yamma na ga yaranta suna shan kunun da suka sha jiya, ba ƙari.

Binciken da malaminku ya faɗa a kan wannan gaɓa ya tsaya. Damina ta 2009 ba ta yi kyau ba, sai yunwa ta shigo a 2010. Ƙungiyar agaji ta Concern ta raba kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, kimanin jika 22 kowane wata har wata biyar, akasari a hannun mata. Wata malamar jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, da abokan aikinta suka kasa ƙauyukan uku: wasu a ba su kuɗi a hannu, wasu ta waya da tsarin Zap na kamfanin Zain, na uku kuma kuɗi a hannu haɗe da kyautar waya, don kada a ce wayar ce kanta ta kawo bambanci. Kuɗin ɗaya ne ga kowa. Amma gidajen da suka karɓa ta waya sun fi sauran cin abinci iri-iri da kashi 9 zuwa 16 cikin ɗari, yaransu kuma sun sami ƙarin abin da ya kai kashi ɗaya cikin uku na ci guda a kowace rana. Masu binciken sun danganta shi da abu biyu: matar ba ta ɓata yini a hanya da layi ba, kuma tunda saƙon a asirce yake shigo mata, bakinta ya fi ƙarfi in an zo maganar abin da za a saya.

Da na karanta wa Gwaggonka wannan, cewa ta yi, "Yanzu sai da Bature ya ƙetaro teku kafin a san kuɗin da aka gani ba naka ba ne?" Tana da gaskiya, amma ni ban raina aikinsu ba. Abin da tsohuwa ta sani a ɗakinta ba ya shiga kasafin gwamnati sai an sa masa lamba.

Kada ka ɗauka zagin maza nake yi. Namiji in kuɗi ya shigo hannunsa a bainar jama'a, ya fi mace kasa cewa a'a. Ni kaina in aka san na karɓi wani abu, kafin la'asar zaurena ya cika. Shi ya sa matanmu na Yamai ba sa wasa da adashi da asusu: in an zo roƙo sai ta ce kuɗin yana akwatin ƙungiya, makulli ba a hannunta yake ba, magana ta ƙare ba tare da zumunci ya ɓaci ba. Wannan tsari na akwatin ƙungiya, da ake kira Mata Masu Dubara, a ƙasar Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991, yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama.

Sai dai ka gaya wa malaminku kada ya tsaya a labari mai daɗi. Gwamnatin Nijar da Bankin Duniya sun yi shirin ba mata jika goma kowane wata har shekara biyu. Da aka zo aka auna, gidaje sun sami sauƙi, amma kuɗin shi kaɗai bai ƙara wa ƙananan yara tsawo ko nauyi ba. Ni wannan bai ba ni mamaki ba. Yaron da ke shan ruwan tafki, zawo na kama shi, sauro na cizonsa duk damina, ko ka cika masa ƙoƙo da fura tamowa ba ta sake shi da wuri.

Ka gaida mini Yaya. Kuɗin maganin da na ce zan turo, lambar babarka zan sa, masu ƙus-ƙus su ƙara.