Amsa: Haɗa PLC biyu ta Modbus TCP

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya haɗa PLC ɗinka biyu (ƙananan kwamfutocin da ke sarrafa injinan masana'anta) ta Modbus TCP, wato tsarin da na'urori ke bi su aika wa juna saƙo, a kan layin sadarwar da kwamfutocin ofis suke kai. Gaskiya ban ba ka wannan shawarar ba.

Kamfanin Modicon ne ya fito da Modbus a 1979, lokacin da ba a tunanin wani zai shigo ta waya ya yi ɓarna. Ba ya tambayar wanda ya aiko umarni, ba ya ɓoye saƙo. Duk wanda ya kai ga ƙofar sadarwa mai lamba 502, wadda Modbus TCP ke amfani da ita, zai iya canza ƙima a rajista, wato wurin da PLC ke ajiye lambobi, injin kuma ya bi. Saboda haka ka raba layin masana'anta da na ofis, ka sa katangar tsaro a tsakani wadda adireshin da ka yarda da shi kaɗai zai wuce. Irin rabon yankunan da ma'aunin tsaron na'urorin masana'antu, IEC 62443, ya tanada ke nan. In na'urorinka sun san OPC UA, wani tsarin sadarwar daban, koma kansa, domin yana tantance mai aikowa, yana kuma ɓoye saƙo.

Abin da ya fi damuna kuwa yana cikin shirin da ka rubuta wa PLC ɗin. In waya ta katse fa? Sa kowace PLC ta riƙa aika lamba mai ƙaruwa. Da zarar lambar ta tsaya, ɗayar ta daina aiki da tsohon bayani, ta mayar da injin yanayin da ba zai cutar da kowa ba. Ta kuma duba iyakar kowace ƙima kafin ta karɓa.

Maɓallin tsayawar gaggawa kam, kada ya bi ta Modbus. A ja masa wayarsa daban, ko a yi amfani da PROFIsafe, tsarin sadarwar da aka yi musamman don saƙonnin kare rai da lafiya.